Jan Wasalin Malam Mudi

In ka taɓa zuwa ɗaukar hoto shagon Mannir, can gefen tashar mota a Malumfashi, ka san mutum ne mai cinye wa jama'a lokaci. Fasfo ɗaya tak ya kawo ka, amma sai ya ɗauka, ya duba, ya zuƙo fuskarka a gilashin kyamara har ya ga ƙwayar idonka, ya fita waje ya sake dubawa a rana, ya dawo ya ce ka ƙara zama. Ka tambaye shi, “Malam Mannir, ya yi?” ba za ka taɓa jin “ya yi” daga bakinsa ba. Abin da za ka ji shi ne, “Bari in gani a takarda tukuna.” Direbobin tasha har sun laƙaba masa Bari-in-gani, suna cewa tsufa ne ya kama shi tun bai kai sittin ba. Ba tsufa ba ne. Da can babu mai saurin baki irinsa a layin nan, kuma saurin bakin ne ya ɗora masa kayan da har yau bai sauke ba.

A Malumfashi aka haife shi, amma mahaifiyarsa Laraba 'yar Ƙarfi ce, can ya yi rabin yarintarsa tsakanin gonakin masara da auduga. Ya koyi hoto a Funtua tun zamanin fim, lokacin da mai hoto ke shiga ɗakin duhu ya fito hannunsa na warin magani. Ya ci zamaninsa kuwa. Babu saukar karatu ko taron suna da za a yi a unguwa ba a ga Mannir da kyamara a wuya ba, yana ba manya umarni, “Alhaji ɗaga haɓa, Hajiya matso.” Da waya ta zo kowa ya zama mai hoto, sai kasuwa ta ja baya. Ya sayar da babbar kyamararsa ya sayi ƙarama mai launin azurfa, irin mai shiga aljihu, ya koma rayuwa da fasfo: na 'yan makaranta, na maniyyata, na manoma masu neman taki.

Abu ɗaya ne waya ba ta ƙwace masa ba, shi ne wa'azinsa na farar riga. Ko rake ka tsaya saye a ƙofar shagonsa sai ka sha shi.

“Kyamara ba ta da wayo,” haka yake farawa. “Ita komai so take ta mayar da shi ruwan toka. In ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi mata yawa, ta runtse ido. Shi ya sa mutum zai sha babbar riga fara ƙal ranar Sallah, yaranku masu waya su ɗauke shi, rigar ta fito da dauɗa, fuska kuwa ka neme ta ka rasa. Maganin abin ga shi, ɗan madannin nan mai alamar tarawa da ɗebewa. In fari ne gabanka, tura shi wajen tarawa. In baƙi ne, ja shi wajen ɗebewa. Wanda bai san wannan ba ya je ya sayar da goro.”

Na kawo wannan ne don kada wani ya tashi yi masa uzuri da rashin sani. Ya sani sarai, shi ke koya wa mutane.

A Ƙarfi akwai wata tsohuwa, Inno, aminiyar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ita ta goya Mannir ranar da Laraba ta kwanta zazzaɓi, kuma ko da ya yi furfura ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai “ɗan Laraba.” Shekararta saba'in da shida a lokacin da nake ba da labari, idonta ya yi rauni, jikarta Bushra, matar aure mai 'ya'ya biyu, ita ke kula da ita.

Inno ba ta san sunan uwarta ba. Abin kamar wasa, amma haka yake. Uwar daga wani gidan Maguzawa ta fito can cikin daji bayan Ƙarfi, ta musulunta, Malam Mudi mahaifin Inno ya aure ta. Ba ta cika shekara a gidan ba ta rasu, kwana biyu da haihuwa. Duk zamanta kowa Amarya yake ce mata, da sunan nan ta shiga kabari. Danginta suka tashi daga wurin tun Inno na rarrafe, ba a san inda suka nufa ba. Shi kuwa Malam Mudi mutumin da ne, ba ya kama sunan matarsa a baki tana raye, balle bayan ta mutu. Ita ma 'yar, kunya ta hana ta tambaya. Sau ɗaya tak ya taɓo zancen, ranar da za a kai ta gidan miji. Ya nuna gafakar fata da ke rataye a bangon ɗakinsa ya ce, “Na rubuta shi, yana nan ciki, in wata rana kin so sani.”

Da ya rasu gafakar ta tafi hannun ƙaninta Jibril a Funtua. Shi kuma yau ne, gobe ne, har ƙasa ta rufe masa ido bai kwance ta ba. Sai bayan rasuwarsa aka kawo wa Inno ita cikin buhun taki. Da aka buɗe, gara ta ci gefe-gefen takardun, yoyon ɗaki ya taɓa su, sun yi ja-ja-ja, suna marmashewa. Warƙa, wato falle, arba'in da shida ce, duk ajami, hannun Malam Mudi: haihuwa, mutuwa, ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara. Baƙaƙen da baƙar tawada ya yi su, suna nan daram. Wasullan kuwa, irin na malaman da, da jar tawada ya ɗiga su, sun koɗe sai ka matso sosai.

Limamin unguwa ya gwada. Rubutun ƙanana ne, hannun tsoho ne, kuma warƙar farko da ya ɗaga sai kusurwarta ta zube masa a cinya. Ya janye hannu ya ce shi ba zai ɗauki alhakin nan ba. Mutum ɗaya ya sani da zai karanta hannun nan ba tuntuɓe, Malam Almustapha na Maska, wanda ya yi karatu gaban Malam Mudi yana saurayi. To amma Malam Almustapha ƙafa ta mutu, ido ya yi nisa, takardun kuma ba za su kai ko Malumfashi a kan babur ba tare da sun zama gari ba. Bushra ce ta kawo shawara: a kira Baba Mannir ya ɗauke su a hoto, a wanke manya-manya, a kai wa tsohon.

Mannir ya zo wata ranar Laraba cikin watan Agusta, bayan azahar, masara ta yi goyo ko'ina. Aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Inno. Bushra na ɗauko warƙa ɗaya-ɗaya a kan faifai da hannu biyu, shi yana tsugune yana ɗauka, ta juya, ya ɗauki bayan. Ɗaukar farko da filas ya yi, hasken ya wanke tsakiyar shafin fes, sai ya kashe filas. Wannan daidai ya yi, ba ni da ta cewa. Sauran ne abin takaici.

Kwana ɗaya kafin nan ya je wata ruga ya ɗauki wani manomi, Sama'ila, tsakanin baƙaƙen bijimansa biyu na huɗa. Baƙi ne gabansa, don haka ya ja madannin nan zuwa ɗebewa. Bai mayar ba. Sannan saboda aiki cikin rana, ya ƙure wa gilashin bayan kyamarar haske, ta yadda ko hoton cikin tulu ka ɗauka zai nuna maka shi tar. Ga takarda mai haske da ke sa kyamara runtse ido, ga shi ya ƙara ce mata ta runtse, ga gilashi na yi masa ƙarya. Alamar ɗebewar tana nan a kusurwa, 'yar mitsitsiya, tana kallonsa shafi casa'in da biyu.

Suna cikin warƙa ta goma hadari ya taso daga gabas. Gari ya rufe, kaji suka fara neman gindin rumbu. Mannir ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tuna rafin da ke kan hanya, wanda in ya cika sai mai babur ya kwana a ƙauye. Sai hannunsa ya ƙara sauri.

“Gari ya yi duhu, ɗan Laraba,” in ji Inno daga inda take zaune kan kujerar tsuguno. “Ni da ba na gani ma na ji a jikina. Ko ka bari sai gobe in ya washe?”

“Haba Inno, wannan ai ba irin idonmu gare ta ba. Ko cikin rumbu ta shiga sai ta gani.”

Zuciyarsa ta ce masa ya zuƙo shafi ɗaya ya duba jan nan. Ta faɗa masa sau biyu, ya ji ta sarai. Aka yi tsawa, sai ya bar zancen.

Da aka gama yana ɗaure jaka, Inno ta miƙo hannu ta ce a ba ta abin ta taɓa. Ta shafa kyamarar, ta auna nauyinta a tafi, ta yi dariya.

“Duk karatun Malam cikin ɗan wannan? Ya shiga?”

“Ya shiga.”

“Duka?”

“Duka, Inno. Ko yanzu takardar nan ta narke, ba ki yi asarar ko wasali ɗaya ba.”

Yana tura babur ya waiwaya ya gan ta durƙushe, tana lalube a kan tabarma, tana tsince ɓurɓushin takarda da yatsu tana zubawa a faifai, tana korar kaji da gefen mayafi. Ya ji tana cewa Bushra, “Sunan Allah ne fa a ƙasa, kullum sai sun zuba, ni abin nan ya hana ni sukuni.” Ya ji da kunnensa, ya tada babur ya tsere wa ruwa.

Ya cire katin da hotunan ke ciki ya naɗe a takarda ya sa a aljihun gaba, da niyyar shiga Funtua jibi. Jibin nan sai da ta yi mako uku. An buɗe rajistar taki, manoma suka yi layi a shagonsa tun safe har la'asar, shi kuma yana ta murna kasuwa ta tuna da shi. Bushra ta kira sau ɗaya, ya ce mata aiki ya kusa.

A Funtua akwai Hajiya Amina, mai shagon kwamfuta da babban injin wanke hoto, wadda Mannir ke kai wa duk aikin da ya fi ƙarfin ɗan injinsa na fasfo. Mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana, ba ta kuma rufa wa aiki asiri. Ta sa katin, ta buɗe hoton farko. Allon kwamfutar ya yi duhu. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na ashirin, ta tsallaka na ƙarshe.

“Malam Mannir, bango ka ɗauko min ko takarda?”

Ya matso. Shafin yana nan, amma launin ƙasar fadama, rubutun na leƙowa da kyar. Na farkon da dama-dama, daga inda hadarin ya taso kuwa sai dai ka rantse akwai rubutu don kai ka ɗauka. Ya ce ko allonta ne. Sai ta danna wani wuri, bayanin hoton ya fito, lambobi a jere. Ta sa bakin biro a kan ɗaya.

“Ɗebewa ɗaya. A kan takarda. Kai da ka ishe mu da wa'azin farar riga?”

Nan take ya gane abin da ya yi. Amma ya daure, ya ce ba komai, gobe da sassafe zai koma Ƙarfi ya sake, a fito da takardun tsakar gida cikin inuwa mai haske, ya ɗora kyamara kan turmi don kada hannu ya girgiza, ya tura tarawa ɗaya da rabi, ya duba kowane shafi. Duk ya tsara a ransa, aikin da ya kamata ya yi tun farko. Ya fita ƙofar shago ya kira Bushra ya ce kada kowa ya taɓa gafakar, yana tafe.

“Wace gafaka, Baba Mannir? Ai an gama da takardun tun Juma'ar da ta biyo bayan zuwanka. Inno ta kasa samun natsuwa da ɓurɓushin nan da ke zuba. Ta kira Liman, ya ce tunda an adana rubutun, abin da ake yi wa takarda mai sunan Allah in ta tsufa shi za a yi. Ya ƙona su cikin sabuwar tukunya, aka binne tokar gefen masallaci. Ta ce kai ka ce ba komai. Lafiya dai ko?”

Ya tsaya riƙe da waya, 'yan keke-napep na ta yi masa oda ya kauce.

“Lafiya lau,” in ji shi.

Kwana biyu suka yi shi da Hajiya Amina a gaban allon nan, ta ture ayyukan wasu saboda shi. Ta ƙara haske a hankali, a hankali, baƙaƙen suka fara fitowa, har ya ji numfashinsa ya dawo. Amma duk inda ta ja haske sama, sai fuskar takardar ta fashe da ɗige-ɗige, ja da kore, kamar an watsa gero. Ta ce wannan ba daga takarda ba ne, ƙazantar injin ce, haka yake yi in an matsa masa ya nuna abin da bai gani ba. Ta cire launi ta mayar. Ta ware kore, ta ware shuɗi, ko jan zai tsaya shi kaɗai. Ta goge ɗigon, sai wasullan suka tafi tare da shi. Ta bar ɗigon, sai wasullan suka ɓace a cikinsa. Ran kwana na biyu da la'asar ta cire gilashinta ta murza ido.

“Baƙin na ceto maka. Jan bai shiga ba tun farko, Malam Mannir. Abin da bai shiga ba ba ni da inda zan samo shi.”

Ya ce ta wanke haka nan. Ya lallashi kansa da cewa malamai na karanta rubutu ba wasali kullum, wannan ai ba wani abu ba ne.

Ya iske Malam Almustapha a zaurensa a Maska da hantsi, zaune kan buzu, an jingina shi da matashi. Tsoho ne ƙanƙani, mai tabarau masu kauri ɗaure da zare. Mannir ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi wanda ya aiko shi, ya miƙa takardun. Tsohon ya kai shafin farko dab da hancinsa, ya daɗe, sannan ya ɗora shi a goshi.

“Hannun Malam ne. Allah ya jiƙan wannan hannu, ya sha dukana.”

Ya shiga karatu, kuma wallahi ba ya tuntuɓe. Shekarar fari, shekarar da ruwan shuka ya makara har aka ci iri, ranar da aka haƙa rijiyar gida. In ya zo kalmar da ba wasali sai ya dubi na gabanta da na bayanta ya wuce. Mannir har ya fara gyara zama. A shafi na talatin da ɗaya tsohon ya rage murya.

“Ga shi. ‘Ranar Lahadi, tara ga Safar, Allah ya ba mu ɗiya mace. Ranar Talata uwarta ta koma ga Ubangijinta. Mace ce mai haƙuri, ta zauna da ni wata goma sha ɗaya ban ji abin ƙi a bakinta ba. Sunanta…’”

Ya tsaya. Ya matsar da takardar, ya nesanta, ya karkata ta wajen ƙofa.

“Ta, da nun, da ya. Ina jan?”

“Allah gafarta Malam, jan… bai fito sosai ba.”

“Ga ɗigo nan a sama. Ga wani a ƙasa. Ga wasu uku a gefe inda babu harafi ma. Wanne ne na Malam, wanne ne na injinku?”

Mannir ya sunkuyar da kai.

“Ka ga, yaro, magana ana cinkarta, don magana tana da dangi gaba da baya. Suna shi kaɗai yake tsayawa. Haruffan nan uku, in wasali bisa ne, Tani. In rufu'a ce, wato wasalin u, Tuni. In wasali ƙasa ne ko rufu'a, ka kuma sauya na ƙarshen, Tine ko Tune. Duka huɗun sunayen matan ƙasar nan ne, duka na san masu su. Ni kuma ko da na zo gidan Malam ta yi shekara goma sha biyu a ƙasa, ban taɓa jin an ambace ta ba. Kawo min takardar ta asali, ko a faifai ne, in duba da idona.”

Sai da Mannir ya faɗa masa inda takardar take. Tsohon bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi faɗa ba, sai ya yi ta shafa gefen hoton da babban yatsa.

“Allah gafarta Malam,” in ji Mannir, muryarsa a ƙasa, “a ganinka wanne ya fi kama? Ko ɗaya ka zaɓa min in kai mata. Tsohuwa ce, hankalinta zai kwanta.”

“Ni ba zan raɗa wa matacciya sunan da ban gani ba. In kai za ka iya, ga hanya nan.”

Kuma ya so ya iya. Tun daga Maska har Malumfashi yana kan babur yana saƙawa. Tani ya fi yawa, Tani zai ce. Wa zai ƙaryata shi? Malam Almustapha ba ya fita zaure, takarda ta zama toka, Hajiya Amina ba ta san kowa a Ƙarfi ba. Ya ce wa kansa ai taimako ne, jinƙai ne. Kwana tara yana wannan lissafi, yana ganin kiran Bushra yana kifa waya a kan tebur. Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta tambaye shi ko ciwo ne, ya ce gajiya ce. Abin da ya fi cinsa ba hoton ba ne, kowane mai sana'a yana ɓata aiki. Maganar nan ce, “ko wasali ɗaya,” da ya faɗa yana ɗaure jaka, yana kallon hadari, ba tare da ya duba ba.

Ran na goma ya je da safe. Bushra ta riga ta faɗa wa Inno yana tafe. Ya same ta ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Sallah, ta sa a share tsakar gida, an kuma ɗora tukunya. Mutum ya ce baƙuwa ake jira daga nesa. Ya zauna a bakin tabarma, wurin da ya tsuguna rannan. Ya fara karanta mata abin da ya rubuto daga bakin Malam Almustapha: ranar Lahadi, tara ga Safar, mace mai haƙuri, wata goma sha ɗaya. Inno na gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

“To, faɗa min, ɗan Laraba.”

Ya buɗe baki. Harshensa ya riga ya hau kan harafin farko na Tani. Sai ya ga leɓenta na motsi, ta shirya ta maimaita duk abin da zai fito daga bakinsa, ta riƙe shi har kabari. Ya kasa.

Ya faɗa mata duka. Bijiman Sama'ila, madannin da bai mayar ba, rafin da yake gudu, zuciyarsa da ta ce ya duba ya ƙi. Ya faɗa mata “lafiya lau” ɗin da ya ce wa Bushra, da abin da ya roƙi Malam Almustapha, da ƙaryar da ya taho da ita a baki yau ɗin nan. Yana magana yana kallon tabarma. Bushra na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, ba ta motsa ba.

Inno ta gyara zama. Can ta ce, “Faɗa min su huɗun.”

“Tani. Tuni. Tine. Tune.”

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana ɗan tsayawa bayan kowanne kamar mai jiran a amsa. Ta sake bi. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashinsa.

“Duhun ban riƙe ka da shi ba, hadari ne ya taso, ba kai ka kira shi ba. Amma da ka ce min ba ka duba ba, da na jira ka. Shekara saba'in da shida na jira, ɗan Laraba. Mako uku ba zai kashe ni ba.”

Ba ta ƙara ko kalma a kan zancen ba, ranar ko bayanta. Ta ce Bushra ta zubo masa abinci. Ya ce ya ƙoshi, ta ce ba a dafa don a zubar ba. Ya zauna ya ci dambun nan a gabanta, ita kuma tana tambayarsa lafiyar yara. Ya sha faɗa daga baya cewa da zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi.

Ya ci gaba da zuwa gaishe ta duk Juma'ar ƙarshen wata, tana karɓarsa kamar da. Shafi na talatin da ɗaya yana cikin aljihun teburinsa a shago. In babu kowa yakan fito da shi ya sa gilashin ƙara girma a kan haruffan nan uku. Wata rana ya ga kamar wasali bisa ne, wata rana ya rantse rufu'a ce, ya mayar ya rufe.

Inno ta rasu bayan shekara biyu, da kaka, ana cikin cirar auduga. Ran addu'ar uku, da mutane suka ragu, Bushra ta leƙo zaure ta gaishe shi. Ba da nufin ta soke shi ta faɗa ba, labarin kakarta kawai take ba wanda ya san ta.

“Ka san kullum in ta idar da sallar asuba sai ta yi musu addu'a? Allah ka jiƙan Tani, ko Tuni, ko Tine, ko Tune, kai ka san wadda nake nufi. Da mantuwa ta fara kama ta, in ɗaya ya kuɓuce mata sai ta rikice, ta yi ta kirana, ta ce ƙila ta gaskiyar ce ta bari a baya. Safiyar da za ta cika ma uku ta iya faɗa. Ni na ƙarasa mata na huɗun.”

Mannir ya so ya tambaye ta wanne ne na huɗun. Ya ga babu abin da amsar za ta gyara, sai ya ce Allah ya jiƙansu duka, ya tashi ya nemi takalmansa.